Ƙurajen Fuskar Luba

Malam Manniru ya yi shekara ashirin da bakwai yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Sheda, kuma har ya yi ritaya bai yarda akwai abin da zai faru a duniya ba tare da dalilin da za a iya aunawa ba. In miya ta yi tsami, sai ya tambayi ƙarfe nawa aka sauke ta. In mota ta ƙi tashi, biro yake fara ɗaukowa kafin sifana. Marigayiya matarsa takan tsokane shi da cewa ko ciwon kai ne ya kama shi, sai ya rubuta lokacin da ya fara kafin ya nemi magani.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. 'Ya'yansa maza biyu suna karatu a Zariya, sai hutu ake ganinsu, hutun ma rabinsa a gidan abokai yake ƙarewa. Wadda ta rage masa a gidan nan na Lugbe ita ce Luba, 'yarsa ta fari. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma babu abin da yake tsoro kamar ranar da za ta tattara kayanta ta bar shi shi kaɗai kamar maye.

Duk bokonsa, akwai abu ɗaya da ya taho da shi daga ƙauye bai sauke ba, wato kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunan Luba ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, ko kallonta sai dai a fakaice. Da uwarta na da rai abin da sauƙi: ya faɗa wa uwar, uwar ta isar. Da ta kwanta dama, sai ya koma yi wa iska magana. Yakan tsaya a tsakiyar falo, ya dubi fanka, ya ce a rage gishiri, ko a kulle ƙofar baya. Luba kuma ta amsa daga kicin da "To, Baba." Shi a wurinsa wannan tarbiyya ce. Haka ubansu ya yi da yayarsa Hajjo, kuma ga Hajjo can a Orozo da ranta da lafiyarta, babu abin da ya cinye ta.

Da Luba ta gama bautar ƙasa ta yi shekara ɗaya da rabi tana zaman gida, sai Malam Manniru ya ajiye girman kansa ya je wurin wani tsohon abokin karatunsa, Alhaji Zulkifilu, wanda ya zama darakta a wata hukumar gwamnatin tarayya. Ba a yi wata biyu ba takardar ɗaukar aiki ta fito, kuma a ofishin daraktan aka ajiye ta. Malam Manniru ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ga 'yarsa ta samu abin yi, ga shi kuma aikin a Abuja yake, ba za a ɗauke masa ita zuwa wata jiha ba. Tun daga lokacin, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biya gidan Alhajin ya yi gaisuwa, ko da a tsaye ne.

Wata uku da fara aikin ƙurajen suka ɓullo. Da farko biyu ne uku a haɓa, irin waɗanda kowace budurwa ke yi su wuce. Sai suka bi muƙamuƙi suka hau kumatu, manya-manya, jajaye, wasu su yi ruwa, in ɗaya ya kwanta ya bar baƙin tabo biyu su taso a gefensa. Yarinyar da ta gama sakandare da jami'a fuskarta sumul, ga ta da shekara ashirin da biyar fuska ta dagule.

Da wani uban ne, da ya ce Allah ya sawwaƙe ya wuce. Malam Manniru kuwa sai ya ji kamar an maido shi bakin aiki. Ya ciro kalandar bango, ya ja layuka a bayanta da rula. Kullum da safe in ta kawo masa shayi, sai ya ɗaga kofin zuwa baki ya saci kallonta ta samansa, ya ƙirga, in ta fita ya rubuta. Sannan ya shiga cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya koya wa ɗalibai masu neman sanin makamar aiki shekara da shekaru. Mako biyu ya ce a daina cin gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gidan nan. Babu canji. Ya ce a daina madara. Ya ce a daina suya, har shi kansa ya haƙura da ƙosan da yake so kamar ransa. Ya sa aka riƙa canza rigar filo duk bayan kwana biyu. Ya sayo sabulun salo. Luba ba ta taɓa musu ba, duk abin da aka ce a yi sai ta ce to, ƙurajen kuma suna ta abinsu.

Da babbar sallah ta haɗa hutun da 'yan kwanakin da ta nema, ta je Orozo wurin gwaggonta Hajjo ta yi kwana goma. Da ta dawo, fuskar ta lafa sosai. Malam Manniru ya dubi kalandarsa, ya buga cinya, ya ce ya gano: ruwa ne. Ya ɗebi ruwan burtsatsen gidansa a kwalba ya kai wa tsofaffin abokan aikinsa suka auna, suka ce lafiyarsa ƙalau, amma bai yarda ba. Duk Asabar sai ya tuƙa tsohuwar motarsa tun daga Lugbe, ya ratsa cunkoson Nyanya, ya ciko jarkoki huɗu daga rijiyar Hajjo don a riƙa wanke fuska da shi. Hajjo takan tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonsa, ta ce yawan karatu ya taɓa masa kai. Kwana huɗu da komawar Luba ofis ƙurajen suka dawo fiye da da, kuma ruwan Orozon da aka yi ta jigila bai hana komai ba.

A cikin wannan faman ne ya kai kukansa ga Alhaji Zulkifilu wata Juma'a. Alhajin ya nuna damuwa ƙwarai, ya ce ai Luba 'yarsa ce, shi ma abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga ciki ya fito da wani mai a cikin kwali mai ruwan zinare, ya ce daga Dubai ya taho da shi, a kai mata. Malam Manniru ya dawo gida yana ta sa albarka. Ya ajiye kwalin a kan tebur, ya ce ga shi inji oganta, a shafa safe da yamma, kuma gobe a yi masa godiya. Luba ta daɗe tana kallon kwalin kafin ta sa hannu biyu ta ɗauka.

Sau ɗaya ta gwada yi masa magana. Wata Lahadi ce bayan la'asar, yana zaune a baranda yana sauraron rediyo. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi ta murza gefen hijabinta, sannan ta ce, "Baba, in da mutum zai bar aiki ya nemi wani..."

Bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya rage muryar rediyon, ya dubi bishiyar gwaibar da ke tsakar gida, ya yi mata lacca mai tsawo. Ya ce a je bakin sakatariya da safe a ga masu digiri biyu-biyu da fayil a hammata, takalma sun suɗe. Ya ce akwai waɗanda suka yi shekara goma suna neman rabin abin da aka samu a sama. Ya ce aikin gwamnati haƙuri ne, kuma mutumin da ya rufa maka asiri ba a saka masa da butulci. Da ya gama, bishiyar ba ta ce komai ba, Luba ta ce, "To, Baba," ta tashi ta ɗora girki.

Da dabararsa ta ƙare ne ya yarda a ga likitar fata, a wani asibiti mai zaman kansa a Garki. Ya kamata ya jira a waje, shi ma ya sani, amma ga kalanda ya naɗo ta a hammata, kuma wa zai yi bayaninta in ba shi ba? Likitar wata mata ce mai suna Dakta Kindness, gajera, mai fara'a, Hausarta irin ta Abuja. Ta saurare shi da haƙuri har ya gama da gyaɗa da madara da jarkoki. Ta karɓi kalandar ta duba da gaske, ta bi layukan da yatsa, ta tsaya a kan kwanakin sallah. Sannan ta tambaya ko makon da lambobin suka sake hawa shi ne makon da aka koma aiki.

Ta yi musu bayani a natse. Ta ce damuwa ba ita kaɗai ke haifar da ƙuraje ba, amma in mutum yana cikin fargaba kullum, jiki yakan saki sinadaran da ke sa fata ta riƙa tsatso maiƙo da yawa, kumburi ya ƙaru, wanda ya fito kuma ya daɗe bai warke ba. Ta ce za ta rubuta magani, amma magani kaɗai ba zai kai ko'ina ba in abin da ke hura wutar yana nan. Ta juya ga Luba ta tambaye ta ko tana samun barci, ko akwai abin da ke damunta.

Malam Manniru ne ya amsa. Ya ce babu abin da ke damunta.

"Baba, ba kai na tambaya ba, shi na tambaya," in ji likitar, tana nuna Luba da biro. "Don Allah ka ba mu minti biyar. Stress ba ya rubuta kansa a kalanda."

Da ya tashi a lokacin nan, minti biyar ɗin nan kawai, da labarin ya canza. Amma sai ya ji an taɓa masa mutunci. Yaya za a yi wata baƙuwa ta fitar da shi don ta ji cikin gidansa? Ya gyara zama, ya ce yarinya tana da aikin gwamnatin tarayya, tana da ci da sha, ba miji ba ɗa, oganta kuma aminin ubanta ne, to damuwar ta ina za ta shigo? Ya ga Luba ta buɗe baki. Ya gani da idonsa, kuma har gobe in ya rufe ido yana ganin wannan buɗe bakin. Sai ta mai da shi ta rufe, ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu komai, Dakta."

Likitar ta rubuta magani, ta miƙa wa Luba katinta ta ce ta dawo ita kaɗai duk ranar da ta ga dama. A mota Malam Manniru ya gaya wa sitiyari cewa likitocin zamani in abu ya gagare su sai su ce damuwa ce. Abin haushin shi ne ya san maganar matar gaskiya ce. Ya karanta ta a littafi, ya san sunan sinadarin, zai iya zana siffarsa a allo. Kawai bai ga yadda za a yi abin da ke cikin littafi ya shigo gidansa ba tare da sallama ba.

Wata biyu bayan haka, ranar wata Litinin, Luba ta fita da safe kamar kullum. Wajen azahar Alhaji Zulkifilu ya kira waya, ya ce ba ta zo ofis ba, ya ƙara da cewa yaran zamani sai addu'a. Malam Manniru ya kira lambarta a kashe. Ya leƙa ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba, ya ga babu akwati. Kafin ya gama salati saƙon Hajjo ya shigo, cewa yarinya tana wurinta.

Ya isa Orozo ransa a ɓace, ya shirya maganganun da zai faɗa wa bango. Hajjo ce ta tare shi a ƙofar gida. Ba ta ba shi ruwa ba, ta nuna masa benci a gindin kashu ta ce ya zauna.

"Manniru, mutumin nan da kake zuwa kana rusuna masa duk Juma'a, tun watanta na biyu yake murza makulli in ta shiga ofishinsa. Allah ya tsare ta, bai samu abin da yake nema ba. Amma wata goma ke nan tana guje-guje a cikin ginin nan kamar kaza ta ga shaho. Ya ce mata in ta yi magana aiki ya tafi, kuma shi zai fara zuwa ya gaya maka ita ke binsa, a ga wanda za ka yarda da shi."

Ya ce, da wata murya da shi kansa bai gane ba, me ya hana ta faɗa.

"Ta faɗa wa wa? Fanka?" Hajjo ta yi tsaki. "Ni ma 'yar fari ce. Har Baffa ya koma ga Allah bai san abin da na haɗiye a rayuwata ba, kuma na yafe masa, shi bai je makaranta ba. Kai fa?"

Ta bar shi ya ɗan numfasa, sannan ta gaya masa sauran. Ta ce duk magungunan nan, da sabulun, da wanda likita ta rubuta, ko ɗaya Luba ba ta shafa ba. Suna nan a cikin akwati ko buɗe su ba a yi ba. Man Dubai kuwa a kwandon sharar tashar mota ya ƙare.

"Ta ce ranar da fuskar ta fi muni, ranar ce Alhajin yake yamutsa fuska ya ce ta fita ta ba shi wuri. Ita kaɗai ce garkuwar da take da ita. Kai kuma kana nan kana jigilar jarkoki don ka gyara masa ita."

Kunya ta kama Malam Manniru, ba irin wadda ya saba taƙama da ita ba, ta gaske, mai sa mutum ya so ƙasa ta tsage. Ya tashi da ƙyar ya je bakin ƙofar ɗakin da take. Labule ne kawai tsakaninsu, yana jin numfashinta. Ya nemi ta inda zai fara ya rasa, don harshen da bai saba ba ba ya koyo a rana ɗaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "A yi haƙuri."

Daga ciki aka ce, "Ba komai, Baba."

Washegari ya je gidan Alhaji Zulkifilu, ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin get ya faɗi abin da ke cikinsa. Alhajin ya yi ta rantse-rantse, ya ce yarinya ce malalaciya ta rasa hanyar guduwa daga aiki ta ƙaga masa sharri, sannan ya sa maigadi ya rufe ƙofa. Malam Manniru ya zauna ya rubuta ƙara shafi uku da kwanan wata da komai, aikin da ya iya ke nan. Luba ta aiko ta bakin Hajjo cewa don Allah kada a kai, ba ta son sunanta ya shiga bakin duniya, ta gaji. Wannan karon ya ji maganarta. Alhajin yana nan a kujerarsa.

Wata huɗu ya yi yana zaune shi kaɗai. Yakan ji labarinta wurin Hajjo: ta samu koyarwa a wata ƙaramar firamare ta wajen Karshi, ta koma wurin likitar nan ita kaɗai, tana shan magani yanzu. Ya yi ta ɗaga zuwa ganinta, yana cewa a bari ta huce. Da abin ya ishe shi, wata Asabar da hantsi ya yanke shawarar zuwa ya ɗauko 'yarsa. Tun daga Lugbe yake maimaita maganar a mota don kada ta suɓuce masa.

Tun daga zaure ya ji dariya. Ya tsaya cak, don rabonsa da jin wannan dariyar tun uwarta na da rai. Suna zaune a tabarma ita da Hajjo suna tsince wake, tana kwaikwayon yadda wata ɗalibarta ke karanta baƙaƙe, kanta ko ɗankwali babu. Fuskar ta washe. Sai ɗan sauran tabo a haɓa, shi ma ya kama hanyar gushewa. Abin da ya yi wata da watanni yana nema ke nan, ga shi an same shi a gidan da ba ya nan.

Da ya yi sallama dariyar ta ɗauke. Ta jawo mayafi, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi hanya, ta kawo ruwa a faranti kamar an yi baƙo daga nesa. Hajjo ta ɗauki wakenta ta koma madafa.

Ya ajiye kofin. Ya dube ta sosai, ba ta saman komai ba, ya ce, "Ina so ki dawo gida. Gidan ba daɗi."

Ta ce, "In ka ce in dawo, zan dawo, Baba."

Ya san da gaske take. Da ya ce ta tashi, da ta shiga ta haɗa akwati ba tare da ta ce uffan ba. Amma tana faɗar haka ya ga kafaɗunta sun ɗaure, hannunta ya tashi da kansa ya tafi haɓa, farce ya fara sosa wurin da babu komai. Ba sai an auna masa wannan ba. Ya daɗe yana kallon hannun, yana jin abin da ya fi tsoro a duniya ya zo ya zauna kusa da shi a kan tabarmar, kuma shi ne zai buɗe masa ƙofa da bakinsa.

"Ki zauna wurin gwaggonki," in ji shi. "Nan ya fi karɓar ki."

"Na gode, Baba."

Kafin ya rufe baki ta faɗa. Ta so ta ɓoye sauƙin da ta ji, amma ya riga ya fito, hannun ma ya sauka daga haɓar. Saurin godiyar nan ya fi duk abin da Hajjo ta gaya masa zafi, kuma bai ga laifinta ba ko kaɗan.

Bai jira la'asar ba ya ce zai koma saboda cunkoso. Luba ta rako shi har mota, ta yi masa addu'ar sauka lafiya. Hajjo ta biyo su da kula ta ajiye masa a kujerar gaba, ta ce tuwo ne da miyar kuɓewa, in ya ɗumama zai kai shi gobe, tun da na mutum ɗaya ne.